Abdulƙadir da Motar Igwarsa

Abdulƙadir mai gyaran injin ban-ruwa ne a Goronyo, kuma duk wanda ya shuka albasa a bakin dam ya san rumfarsa. Mutum ne mai sanyin murya, Allah ya jiƙansa, ko injin da ya ƙi tashi ba ya zagi. Bel ɗin inji ya taɓa cire masa yatsu biyu na hannun hagu, bai fasa aiki ba.

Abin da ya fi so bayan iyalinsa shi ne wani wasan tankokin yaƙi a tsohuwar kwamfutarsa. In an yi azahar, rana ta kori manoma, sai ya jona ta da sola ya zauna. Tanka mai gudu tana son yatsu goma, shi kuwa takwas gare shi, don haka ya zaɓi motar igwa, irin ta yaƙin duniya. Sai ya lallaɓa da ita bayan tudu ya ajiye, wasan ya nuna masa filin daga sama, ya auna da hannun dama, ya harba, ya jira. Yakan ce aikin kamar ban-ruwa ne: nan kake sakin ruwa, amma hankalinka yana can inda zai isa. Abokan wasansa na ƙasashen waje kan rubuto masa zagi, wai matsoraci mai ɓuya. Shi dai dariya yake yi.

Satin da 'yan bindiga suka shiga wani ƙauye ta wajen Giyawa, wani manomi, Maccido, ya zo karɓar injinsa. Ya leƙa ta bayan Abdulƙadir, ya ga rufin gidaje da gonaki da hanya, ya ga wuta ta tashi a tsakiyarsu.

"Wane gari na wanga?"

"Ba gari ba na, Baba. Wasa na."

Maccido ya ɗauki injinsa ya tafi. Kafin ranar kasuwa magana ta cika gari, wai Abdulƙadir infoma ne, da na'ura yake nuna wa ɓarayi gidajen mutane. Mutumin da ya kwashe shekara goma sha biyu yana shiga taɓo don albasarsu kar ta bushe.

Mai unguwa ya kira shi. Ya tafi da kwamfutar a hammata, hankalinsa kwance, yana ganin minti biyar ya isa dattawa su gani da idonsu. Ranar kuwa babu sabis, wasan kuma ba ya buɗewa sai da shi. Ya ɗaga wayarsa sama, ya koma gindin bango, ya dawo. Dattawa bakwai suna kallon ɗan zobe yana juyawa a fuskar kwamfuta, shi kuma gumi yana zuba a wuyansa.

Maccido ya ce, "Kun gani? Ya rufe abin."

Mai unguwa bai kama shi da laifi ba, bai kuma wanke shi ba. Ya ce Allah ne masanin gaskiya, aka watse. Washegari sabis ya dawo, Abdulƙadir ya bi su gida gida yana roƙo su zo su duba. Kowa ya ce yana da aiki.

Daga nan injuna suka daina zuwa. Ya rufe rumfa, ya koma Wurno ƙodagon shinkafa, inda ba a san zancen ba. Can zazzaɓi ya kama shi da damina, kwana shida, aka kawo shi gida a mota.

Dattawan sun zo jana'iza, har da Maccido. Sun ce mutumin kirki ne, mai haƙuri. Matarsa Adawiyya ta aiko daga ciki tana roƙon abu ɗaya: wani a cikinsu ya miƙe ya faɗa a gaban jama'a cewa ƙarya aka yi masa. Aka ce mata wurin makoki ba wurin tone-tone ba ne.

Ɗiyarsa Sadiya tana aji uku a firamare. Har yau in an tashi tara, ita kaɗai take zama.