Wayar Laraba ta tona mata asiri a Tarauni

Jama'a, yau na ga abin da ya fi ƙarfin bakina!

Kun san an fasa auren 'yata Zainab, wata ta kai wa dangin saurayin ƙaryar wai tana da farfaɗiya. Ɗazu na matsa wa Laraba, maƙwabciyata a Gyaɗi-Gyaɗi, ta raka ni Tarauni wajen uwar yaron. Ta ce, "Wallahi ko hanyar gidan ban sani ba." A adaidaita tana ta mita wai datarta ta ƙare.

Hajiyar gidan ta gaishe ta kamar baƙuwa. Muna zama, wayar Laraba ta hau ƙara. Saƙo kan saƙo! Na fizge na duba. Ashe wayar ta hau wayifai, wato intanet ɗin gidan, da kanta!

Na ce, "Laraba, da furfurata na shiga aji, amma na san waya ba ta hawa sai an taɓa sa mata lambar sirri. Yaushe kika zo?"

Laraba ta hau kame-kame. Hajiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni na sa mata, ranar da ta zo ta tura min hotunan 'yarta. Mun ma sa ranar aurenta da ɗana."

Na tsoma wayar a kofin zoɓon da aka kawo mana, na fito.