Bashin Injin Yaya

Ranar da aka kwantar da Yaya a ƙofar gida za a yi masa salla, liman ya juyo ya yi tambayar da ake yi a kan kowace gawa a wajenmu: akwai mai bin sa bashi? Na san akwai, duk Gagarawa ma an sani, don babu gidan da bai kai niƙa injinsa ba. Wani Alhaji mai sayar da injuna a Maigatari ya fito daga sahu, ya ce yana bin mamaci cikon kuɗin injin niƙa, sun yi da shi zai riƙa biya wata-wata. Ya ƙara da cewa da nasa ne da ya yafe nan take, amma kayan na ubangidansa ne a Damagaram, shi amana aka ba shi.

Liman ya ce to, wa ya ɗauka? Baffanninmu suna nan tsaye, masu shanu da rumbuna, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa kamar ranar ya fara ganinta. Rana tana dukan gawa, mutane suna jira. Ni kuwa malamin firamare ne, albashina ba ya kai ni ƙarshen wata. Amma zuciya ba ta shawara da aljihu. Haushi ya turnuƙe ni, na ce, "Na ɗauka." Baffannin nan har da sa mini albarka, wallahi da sun yi shiru da ya fi mini.

Wannan ba a daɗe da yanke mana Jigawa daga Kano ba.

Yaya shi ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Tun muna yara "yayanku" take cewa, ko "wancan". Ba ta zama inda yake zaune, ba ta yi masa dariya. Da yana kwance ciwo ma, kunun da ta dama masa sai ta ba matarsa ta kai, ita ta tsaya daga bakin ƙofa tana tambayar wai ko an ɗaure awaki. Da ya rasu ban ga hawayenta ba. Mu ta yi wa gaisuwa, ta ce Allah ya ba mu haƙuri, sai ka ce ɗan maƙwabta ne ya mutu.

Amma ta ji a wajen malamai cewa ran mai bashi a rataye yake sai an biya. Na yi mata bayani har na gaji: tunda na ɗauka a gaban jama'a, nauyin ya dawo wuyana. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, abin da ta sani shi ne bashi biya ake yi. Daga nan duk wata, in na shiga gaishe ta, ba ta ko gama amsawa sai ta ce, "An kai na yayanku?" Makokinta ke nan gaba ɗaya. Abin da take jira a duniya kawai shi ne ranar da zan ce mata an gama.

Kai kuɗin kansa wani aiki ne. Da sefa, kuɗin Nijar, aka yanka cinikin, da sefa kuma ake biya. Sai na nemi izinin hedimasta ranar Alhamis, na hau mota zuwa Gumel, na sake wata zuwa Maigatari, na ratsa ta cikin shanu da raƙuma na sami 'yan canji a gindin bishiyarsu. Duk wata nairar da ta ishe ni a watan jiya ba ta isa. Ɗan canji ya lissafa, ya ce malam ƙaro. Na yi masifa, ya yi dariya ya ce ba shi ya kashe naira ba. Gaskiyarsa ce, amma shi ne a gabana.

Da kuɗin mota suka fara cin rabin abin da zan ajiye wa gida, sai na koma ba wani direban garinmu saƙo, mai kai riɗi kasuwar. Mutumin kirki ne, ko kobo bai taɓa taɓawa ba. Sai dai lokacin wahalar mai ce. Motarsa ta kwana a layi a Gumel, kasuwa ta ci ta tashi, kafin Alhamis ta zagayo kuɗin sun ƙara lalacewa a aljihunsa. Ya dawo mini yana jin kunya ya ce ba su cika ba.

Wani abokin aikina, Kirista mutumin Filato, ya tausaya mini ya ce me zai hana in aika ta gidan waya, takarda ce za ta je, ba sai na taka ba. Na gwada. Alhaji ya aiko a gaya mini kada in ƙara: sai da ya rufe shago ya zo Gumel ya karɓa, kuma naira aka ba shi, ya koma ya sha nasa kashin a hannun 'yan canji. Da kaka kuwa da buhun riɗi na biya, na gonar da ya kamata ta yi wa 'ya'yana kayan salla.

Injin fa? Yana nan a shagon Yaya yana ta ƙara, matar Yaya ta sa ƙanenta yana kula da shi. Abin da yake samowa, man gas ya ci, bel ya ci, abin da ya rage shi ne tuwon marayu. Na taɓa tunanin mayar da shi in huta. Alhaji ya ce in aka yi masa kuɗi yanzu a matsayin tsoho, bashin ba zai mutu ba, yaran ne kawai za su rasa abinci. Sau da yawa a hanyar Maigatari, a matse a bayan mota, na ji haushin Yaya, haushi na gaske. Mutum ya ci bashi ya kwanta abinsa. Sai in tuna yadda ya rame, in yi istigfari.

Sai albashi ya tsaya. Wata ya mutu, wani ya kama, babu labari. Tunkiyar Inna ta riga ta tafi, tasoshin aurenta ma sun bi ta. Na haɗa abin da na iya, bai cika ba. Da na shiga gaishe ta ban jira tambayar ba, na ce wannan watan sai dai Alhaji ya yi haƙuri.

Inna ta tashi. Ta jawo adudunta daga ƙarƙashin gado, ta fito da wani ƙunshi. Na san shi. Farin yadi ne da ƙanenta ya kawo mata daga Makka, an jiƙa shi da zamzam, ta yi shekaru tana fito da shi ta shanya ta mayar. Ta ce a Maigatari ba za a rasa mai so ba.

Na ce, "Inna, likkafaninki ne fa."

Ta ce, "Ni ai ina zaune. Wancan ne a kwance."

Na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba, na ce ba zan kai ba. Ta ce to za ta ba direba. Na san za ta aikata, kuma gara ni da in bari gari ya ji. Na kai. Wani falke ya saya, har yana shinshinawa yana neman ragi, na danne zuciyata don ina bukatar kuɗinsa. Kuɗin watan nan suka cika.

Da damina ciwo ya kwantar da ita. Wata ranar Juma'a na dawo daga masallaci na zauna a gefenta, ta buɗe ido ta daɗe tana dubana. Sai ta tambaye ni ko an gama, kuma a wannan karon ba ta ce yayanku ba. Sunansa ta faɗa, ɓaro-ɓaro. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, har sai da na ɗan yi jim kafin in gane wa take nufi. Matar Yaya da ke bakin ƙofa ta toshe baki ta fita.

Inna ba a yi mata ƙarya, tana ganewa tun kafin ka rufe baki. Na ce, "Saura kaɗan, Inna." Ta gyaɗa kai ta juya fuskarta bango. Kafin wata Juma'ar ta zagayo, Inna ta cika.

A yadin kasuwar Gumel muka naɗe ta. Babban baffanmu ne ya saya, ya kuma tabbatar kowa ya ji. Liman ya yi tambayarsa, babu wanda ya fito. Ba a bin ta ko allura.

Sai bayan kaka na kai na ƙarshe. Alhaji ya ƙirga sefarsa, ya ce shi ke nan, an gama, Allah ya jiƙan su duka biyun. Ya saya mini ruwan sanyi, na kasa sha. Na hau mota na dawo, ban tsaya ko'ina ba sai ƙofar ɗakinta. An riga an zuba buhunan gero a ciki, an jingine gadon a bango. Na yi sallama duk da haka, na ce, "An kai, Inna. An gama."

Na ɗan tsaya, kamar yadda nake yi in ina jiran ta amsa. A waje wata mata ta kawo niƙa, aka tayar da injin.