Saƙon da ya taso Yaya daga Maraɗi

A shekarar da aka tura ni koyarwa a Takieta ne Yaya, babban wanmu da ke aiki a wani buro, wato ofis, a Maraɗi, ya aiko mini da babbar waya mai shafawa. Kafin nan ƙaramar salula mai maɓallai nake riƙewa, wadda abin da ka danna shi take rubutawa. Ya ce tunda ni ce mafi kusa da gida, in riƙa ba shi labarin Baba, amma a rubuce, don ba ya iya sauraron saƙon murya a gaban abokan aikinsa.

Baba yana zaune a unguwar Birni, can babban gari, cikin gidan da kakanninmu suka gina bayan sun zo daga Barno, shi da Gwaggo, ƙanwarsa, wadda kunnenta ya yi nauyi. Duk ƙarshen mako nakan je in duba su.

Tun farko na lura wayar tana da nata ra'ayin, kuma Faransanci kaɗai ta sani. In na rubuta "sai", ta ƙara masa wutsiya ya zama "sais". "Da" kuwa ta mai da shi "de". In na taƙaita Alhaji na sa ɗigo, kalmar da ke biye sai ta miƙe da babban baƙi a tsakiyar magana. Na ɗauka yatsana ne ya yi kauri. Na yanke farce, na goge gilashin da gefen mayafi, ba abin da ya sake. Wani abokin aikina ya ce rezon Takieta, wato layin sadarwar waya, shi ke cinye haruffa a hanya, ni ma na yarda da shi na ɗan lokaci.

Wata Lahadi Baba ya faɗa mini cewa washegari zai tafi Garagumsa duba gonar geronsa, tare da malamin unguwarmu, amininsa tun ƙuruciya. Da safiyar Litinin, ina sauri zan shiga aji, na rubuta wa Yaya: Baba da malam sun tafi Garagumsa, sai jibi. Na tura, na kashe wayar, na jefa ta jaka.

Dab da tashin ƴan lakkwal, wato ƴan makaranta, na ɗaga kai daga allo, sai ga Yaya tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinsa, gumi ya jiƙa masa kwalar riga. Na fito da alli a hannu.

"Wane asibiti aka kai shi?" in ji shi, ko gaisuwa babu.

Na tambaye shi wa. Ya ce Baba mana. Ni kuma na zaci shi ne ya zo mini da mummunan labari. Mun jima a haka, kowa yana tambayar ɗan'uwansa abin da ya samu Baba, kafin ya ciro wayarsa ya nuna mini. Ga sunana a sama, ga abin da ke ƙasa: Baba de malade sont tarif garage, sais jubilé.

Wayar ta mai da malam "malade", wato mara lafiya. Sauran bai gane ba, amma "Baba" da "malade" sun ishe shi. Ya kira ni, a kashe. Ya kira Baba, ba ta shiga, don gonar ba rezo. Ya kira maƙwabci aka kai wa Gwaggo waya, abin da ta iya faɗa masa shi ne an fita da Baba a mota tun da sassafe. Nan ya nemi izini ya nufi tasha.

Muka zauna a inuwar dogon yaro cikin filin lakkwal. Yaya ya karɓi wayar, ya ce abu ne mai sauƙi. Ya shiga wurin saiti, ya latsa nan ya latsa can, sai gaba ɗaya rubutun ya koma Larabci, komai ya juya daga dama zuwa hagu. Dukanmu mun yi karatun allo, amma ba mu taɓa cin karo da waɗannan kalmomi ba. Muka riƙa bin ƴan hotunan da ke gefe muna canka, har Allah ya sa muka dawo da Faransancin. Sai daga baya muka gane allon haruffan wayar yana da nasa ɗakin saiti daban. A ciki muka tarar da makunni biyu, ɗaya na gyaran kalmomi, ɗaya na manyan baƙaƙe, muka kashe su. Can ƙasa cikin jerin harsuna kuma na ga Hausa, har da ƙ da ɗ masu lanƙwasa. Muka ƙara ta.

Ban ce na huta ba. Hausar wayar ba ta san lakkwal ba, ba ta san rezo ba, jan layi take ja musu. Faransancina kuma, da aka daina gyara mini, ya fara isa wurin daraktan lakkwal babu ƴan alamomin saman haruffa. Har yau nakan manta a wane harshe na bar ta.

Yaya ya ce tunda ya riga ya zo, sai ya ga Baba da idonsa. Muka ɗauki baburan kabu-kabu biyu zuwa Garagumsa. Mun same shi a bakin gona, shi da malam, suna cin gasasshiyar gyaɗa. Ya saurari bayanin Yaya har ƙarshe, ya sa aka maimaita masa, sannan ya dube ni.

"To ita wayar, wa ya faɗa mata ba ni da lafiya?"

Na ce ba kowa, kuskure ta yi. Ya ce in ba ta ji daga wani ba, ta yaya ta zaɓi wannan kalmar ta bar sauran? Malam ya ce ko ma mene ne, a yi sadaka. Baba ya sa aka auno wake aka raba wa matan da ke wucewa da itace, ya ɗaure wa Yaya nasa a ƙaramin buhu, muka raka shi bakin kwalta ya tari motar Maraɗi.