Mai Riƙon Wutsiyar Jirgin Mushe Valcourt

Ƙiba ce ta shigar da Anatole Bréchard harkar jirgin sama, ba ilimi ba. A shekarar 1910 Mushe Valcourt (Mushe shi ne "Malam" a Faransanci), ɗan mai masaƙa da hutu ya yi wa yawa, ya harhaɗa jirgi da katako da ƙyalle a gonar dankali bayan ƙauyenmu, kusa da garin Chartres a Faransa. Jirgin ba shi da birki. In an tayar da inji, sai wani ya rungume wutsiya har matuƙi ya ɗaga hannu, sannan ya saki. Aka lalube ƙauyen kaf, babu mai nauyin Anatole.

Injin da man zurma yake aiki, kuma duk abin da ya fesar a bakin Anatole yake sauka. Shekara uku bai san taurin ciki ba. Burinsa ɗaya, ya hau.

"Mushe, ni yaushe?"

"Anatole, abokina, jirgi ne fa, ba keken shanu ba. Rage tumbin nan, na yi alkawari zan ɗauke ka."

Anatole ya ɗauki maganar da gaske. Ya bar cuku, ya bar burodi, giya ma sai ran Lahadi. Matarsa Léonie ta ce, "Ganga na aura, ga shi ina kwana da muciya."

Bayan wata takwas wandonsa sai da igiya. Mushe Valcourt ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Gobe. Yau dai riƙe min, ga 'yan jarida sun zo."

Inji ya tashi, jirgi ya fizgi Anatole kamar tsumma. Matuƙi bai ɗaga hannu ba, shi kuwa bai taɓa saki kafin a ɗaga ba. Suka yi sama tare, suka tsallake shinge, hannun Anatole ya gaji, ya faɗo kan tulin taki da karaya a kafaɗa.

Mushe Valcourt, mutumin kirki, ya zo dubiya.

"Me ka gani daga sama?"

"Rufin akurkin maƙwabciyata, Madam Pichon."

"To, ka ga alkawari ya cika."

Aikin kuwa mahauci aka ba, don shi da sauran nauyi. Jarida ta buga hoton gwarzon matuƙi, a can ƙasan hoton akwai ƙafafu biyu na reto, ba suna. Anatole ya koma noman dankali da cin cuku har tsufansa.