Balangun da Yaya Ari Ya Gasa wa Surukinsa

Yaya Ari mai tsire ne tun kafin in yi wayo. A bakin tashar mota ya girma, can hayaƙi ya rine masa ido, can kuma ya koyi yi wa mutane tsawa. Duk wanda ya san hannunsa a Lafia ya san bakinsa. Ni Suwaibatu, ƙanwarsa, na fi kowa shan bakin nan, don haka ba zan rufa masa asiri ba.

Ɗansa Siddiq ya auri Daso, 'yar Wakili, wani Bafulatani mai shanu a wajen Arikya. Da cikinta ya tsufa ta tafi gida haihuwa. Aka yi suna, arba'in ta wuce, wata ya bi wata, shiru. Lokacin kuwa an yi hatsaniya tsakanin manoma da makiyaya a wani ƙauye, sai 'yan unguwa suka samu abin taunawa. Wai Fulani sun riƙe 'yarsu, wai ko abincinmu ba za su ƙara ci ba. Yaya yana son a dawo masa da jikansa gida, abin ya hana shi sukuni.

"Zan gasa wa Wakili balangu a gidan nan," in ji shi. "Ya ci, kowa ya gani!"

Ragon da yake kiwo don layya ya kayar. Gaskiya ɗaya ce, mutumin nan ya iya nama. Ya zare ƙashi, ya buɗe tsokar fale-fale, ya barbaɗa gishirin Awe, ya shafa man gyaɗa. Bai ɗora a waya ba sai da garwashi ya yi fari. Ni ya bar wa dakan yaji: ƙuliƙuli, citta, masoro, kanumfari, barkono, har kafaɗata ta sage. Da naman ya nuna ya naɗe shi a takarda da albasa, ya mayar gefen wuta ya turara. Ƙamshi har bakin titi.

Sai na ga yana shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya kuma aika a kira Francis da Aondowase da sauran maƙwabta.

Na ce, "Yaya, ka yi hauka ne? Bafulatani zai ci nama a gaban surukinsa, a bainar jama'a? Kai masa ɗaki, ka ja ƙofa, ka ba shi wuri!"

"Ke, rufe mini baki! A ɗaki wa zai gani?"

To, ga fili ga mai doki.

Bayan la'asar Wakili ya iso a kan mashin, Daso a baya, ta goyo yaron. Ta wuce ciki wurina. Aka gaisa, aka zauna, Yaya ya ɗora takardar a tire ya buɗe a gaban Wakili, ya zauna ya zuba masa ido. Maƙwabta ma suka zuba.

"Bismilla, Wakili."

"Na gode, Malam Ari. Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

A ƙoshe! Mutumin da ya taso tun hantsi, leɓensa a bushe. Kunya ce kawai, irin tasu, ko yaron goye ya sani. Ina leƙe ta zaure. Yaya ya sake turawa, Wakili ya sake sunkuyar da kai. Wani a cikin maƙwabta ya yi 'yar dariya. Shi ke nan, Yaya ya miƙe.

"Ƙyamar mu kake yi? Ko guba na sa? Ashe gaskiya ake faɗa! Tun da bakinka ya fi ƙarfin naman gidana, ka riƙe 'yarka, mu ma mun ƙoshi!"

Ya sa ƙafa ya hankaɗe tiren, naman ya watse a ƙasa. Wallahi da ba yayana ba ne, da taɓaryar hannuna zan sauke masa. Siddiq kuwa ya tsaya kamar an dasa shi.

Wakili ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya kira Daso. Ta fito tana hawaye, ta dubi Yaya ta ce, "Baba, ai dawo da ni ya yi. Ga kayana can."

Sai a lokacin muka lura da jakunkuna biyu da ƙwaryar man shanu a jikin katanga, inda Wakili ya sauke su da isowarsa. Yaya na tsaye, hannu duk maiƙo, yana kallo surukinsa ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ya sake ɗaurewa a mashin. Yaron na barci a bayan uwarsa, ko fuskarsa kakan bai samu ya gani ba.