Yaya Sale Mai Zuwa Gaida Zanensa

Damina tara ke nan da rasuwar yayana Sale, mai zane. Ranar da aka kai shi makwancinsa a Karshi ana yayyafi, kuma har yau in na ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, shi ne yake fara faɗo mini a rai, da warin fentin nan da ba ya barin rigarsa ko an wanke ta. Bana na ce ba zan tsaya ga addu'a a ɗaki kawai ba, zan ɗan yi rubutu a kansa. Akwai wata ɗabi'arsa da na daɗe ina juyawa a raina ban gane kanta ba, sai cikin 'yan watannin nan na ga inda ta nufa.

Bari in fara da yadda sana'ar take, saboda wanda bai san ta ba. Mai zane zai gama aikinsa, ya kai gidan da ake baje zane-zane ana sayarwa, wanda mutanen Abuja ke kira galari. Ranar ba a ba shi ko sisi. Mai galari zai rataye zanen, ya haska masa fitila, ya zauna jiran mai saye. In an saya a raba kuɗin, yawanci rabi da rabi. In ba a saya ba, mai zane ya zo ya kwashi kayansa. Dillanci ne dai, sai dai wannan dillalin yana fesa turare, yana zaune cikin sanyin na'ura. Kuma kamar kowane dillali, abin da ya fi ɓoyewa shi ne mai sayen. Sunansa da ƙofar gidansa su ne jarin galari, domin in mai zane ya san hanya, gobe zai iya zagayewa ta baya su yi cinikinsu, la'ada ta bi ruwa.

Yaya Sale wurin Madam Rifkatu yake kai nasa. 'Yar Filato ce, tana da galari a saman wani bene a Jabi, inda ake hango tafkin ta taga. Da suka zauna maganar rabo, sai ya zo mata da abin da ba ta taɓa ji ba. Ya ce ta ɗauki fiye da rabi, shi ya yarda da ƙasa da na kowa, amma da sharaɗi: duk zanen da aka saya ta gaya masa inda ya je, ta kuma roƙa masa izinin mai gidan ya riƙa leƙawa lokaci-lokaci. Babu takarda, babu shaida. Baki da baki suka yi, suka tashi.

Muna cin tuwo ya ba mu labari, ni kuwa na ajiye lomata.

"Yaya, mutane na faɗa a ƙara musu kaso, kai kana roƙo a rage maka?"

"Talatu," ya ce, "in kin aurar da 'yarki, ba za ki so ki san ƙofar gidan ba?"

Na ce masa zane ba ya ciwon ciki, ba ya yaji. Ni atamfa nake sayarwa a Dutse Alhaji, kuma ban taɓa bin wata gida don in ga yadda ɗinkin ya zauna mata ba. Ya yi dariya ya ci gaba da cin tuwonsa. Haka yake, in ya kafe a kan abu, gara ka yi magana da bango.

Kuma da gaske yake zuwa. Zai ƙulle gyaɗa ko ya ɗauki doya biyu, ya hau mota daga Karshi, ya yi sallama a gidan mutumin da bai haɗa komai da shi ba sai zanen da ke bango. Ya zauna a falo ya yi ta kallon abinsa, ya tashi ya gyara firam in ya karkace, ya goge ƙura da gefen hularsa. In ya ga rana na dukan zanen ta taga, nan fa zai fara mita, wai launin zai koɗe, a matsar. Maganar kuɗi kuwa ba ta fitowa daga bakinsa a gidajen nan, kuma ko matarsa bai taɓa gaya wa gidan wa ya je ba. Sau da yawa yakan biyo ta shagona da yamma, ƙafa duk ƙura, in tambaye shi daga ina, ya ce, "Unguwa na zo." Iyakar abin da zan samu ke nan.

Kada mai karatu ya ɗauka zamansa da Madam zuma ne zalla. Manyan mutane sukan ɗauki zane su ce za su gwada a bango su gani, biya ya yi ta ja, Madam ta ce jira, shi kuma ga kuɗin makaranta a wuyansa. Sun sha yin cacar baki, ya yi rantsuwa ba zai ƙara taka benen nan ba, bayan kwana kaɗan a gan shi yana hawa da sabon zane a kafaɗa. Sai bayan rasuwarsa Madam ta ba ni labarin wani attajiri da ya ja shi gefe a falonsa, ya ce ya riƙa kawo masa kai tsaye, me ya sa za a raba da wata mata. Yaya ya ce masa ya san hanyar Jabi, ya je can. Attajirin ne da kansa ya kai wa Madam labarin, yana mamakin talaka mai taurin kai.

Yanzu nakan zauna a shago in ba ciniki, in tambayi kaina me zai ce da zamanin nan. Yaran da ke zane a yau, kafin fenti ya bushe sun ɗauki hoto a waya sun watsa, wani a ƙasar da ba su taɓa zuwa ba ya ce yana so, kuɗi ya shigo kafin la'asar. Wannan kam na san zai burge shi, don babu abin da ya tsana kamar jira. Amma mai sayen fa? Suna ne kawai a waya, babu fuska, babu falo. Ina jin Yaya zai dame shi da kira har sai ya haska masa bangon ya gani. Na kuma ji ana cewa wasu na sayen zane su bar shi a naɗe a ɗakin ajiya, suna jiran ya yi tsada su sayar. Wannan ne ban san yadda zan yi masa bayani ba. Zai tambaye ni wa ke kallonsa a can.

Galari ma sun canza. Yanzu takarda ake sa wa hannu, da lauya, an rubuta kason kowa da ranar biya. Ban ga laifin hakan ba, domin masu zane da yawa sun sha wuya a hannun masu daɗin baki, aikinsu ya tafi, su kuma aka bar su da alkawari. Abin da nake son sani shi ne, a wane layi na takardar za a rubuta sharaɗin Yaya? Wane lauya ne zai yarda a rage wa mutum haƙƙinsa don a bar shi ya kai wa baƙo gyaɗa?

Abin da ya tayar da wannan magana duka 'yarsa ce, Murja. Tana ƙarama ya rasu, yanzu ta kusa gama sakandare. A gidansu babu zanensa ko ɗaya. Bai taɓa ajiye wa kansa ba, waɗanda suka rage a Jabi kuma Madam ta sayar ta kawo wa uwar yaran kasonsa. Hotunan da ya ɗauka sun tafi da tsohuwar wayarsa. Ran nan Murja tana taya ni ninke atamfa, sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba:

"Gwaggo, da gaske Baba ya iya zane, ko don ya rasu ne ake faɗa?"

Maganar ta soke ni. Ba ni da abin nuna mata. A makon kuma na ji Madam za ta rufe galari ta koma Filato, haya ta yi mata nauyi, ƙafa ma ta fara ba ta wahala a benen. Gidajen da zanen Yaya suke, duk a kanta suke, ba ta taɓa gaya wa kowa ba sai shi. In ta tafi, shi ke nan, yarinyar nan za ta girma tana jin labarin hannun ubanta ba ta taɓa gani ba.

Ni da Murja muka je muka sami Madam cikin kwalaye, bango duk ƙusoshi babu komai. Na faɗi abin da ya kawo mu. Ta daɗe tana kallon Murja.

"Anti Talatu, ka san aikin nan," ta ce, da irin Hausarta. "Kwastoma ya ba ni amana. Ko na rufe shago, sunansa ba na talla ba ne."

Na ce na sani, har na fara laluben jakata don mu tafi. Sai ta ce in zauna.

"Amma Sale ya biya. Kowane zane, ya biya. Kuma bai ce mini in ya mutu maganan ya ƙare ba. Wannan gadon yarinyan ne." Ta nuna Murja da yatsa. "Sai na kira na nemi izini tukuna. In kin shiga, ba maganan kuɗi, ba roƙo. Kin ji?"

Murja ta ce ta ji.

Cikin masu sayen da Madam ta nema, wasu sun ƙi, wasu sun bar ƙasar, wani ya riga ya sayar da nasa. Gidan farko da aka ce mu zo na wani dattijo ne, Baba Istifanus, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya. Da Madam ta faɗi unguwar na kusa faɗuwa daga kujera. Dutse Alhaji, 'yan layuka kaɗan bayan shagona. Ashe duk yammacin nan da Yaya ke shigo mini da ƙura a ƙafa, daga nan yake, ya sha ruwana ya ƙi gaya mini.

Kunnen dattijon ya yi nauyi, surukarsa ce ta ɗauki wayar Madam, abin da ta isar masa kawai shi ne mutanen mai zane na zuwa. Muka shiga da rana tsaka, mu uku. Ya amsa gaisuwarmu, amma idonsa na kan ƙofa, yana leƙen bayanmu.

"Ina oga mai zane? Ya yi fushi da ni ko? Na matsar fa. Tun da ya ce rana na ɓata shi na matsar daga taga, shi bai zo ya gani ba."

Madam ta sunkuyar da kai. Murja ce ta durƙusa kusa da kunnensa ta gaya masa. Dattijon ya cire hularsa, ya zauna a hankali, ya yi mana ta'aziyyar da ta makara shekara tara, hawaye na bin gemunsa. Ya ce duk damina yakan ce wa iyalinsa bana dai zai zo.

Zanen na nan a bangon da rana ba ta kai wa. Ranar kasuwar Karshi ce, mata ɗauke da doya a kafaɗa, wata ta juyo tana yi wa wata dariya, kai ka ce za ka ji hayaniyar. Murja ta tsaya a gabansa har ƙafata ta gaji. Sannan ta juyo ta ce, "Gwaggo, ya iya."

Baba Istifanus ya ce a sauke a ba ta, ai na ubanta ne. Ni da son raina ne, da tuni na miƙe na ɗauko kujerar takawa. Yarinyar ta girgiza kai.

"A'a, Baba. Nan ne gidansa. Ni dai a bar ni in riƙa zuwa."

Har yanzu ina ganin Yaya ya yi wauta a ciniki, kuma da yana nan zan sake faɗa masa. Kason da ya bari da ya yi wa iyalinsa rufin kwano tun da wuri. Bai bar gida a Abuja ba, bai bar suna a jarida ba. Abin da ya bari ƙofofi ne 'yan kaɗan da za a buɗe wa 'yarsa in ta yi sallama, da wata mata 'yar Filato da ta riƙe maganar baki bayan mai maganar ya shiga ƙasa. Ban san yadda ake auna irin wannan gado ba, ni da na saba awo da yadi. Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya sa ya huta, ya ba Madam Rifkatu lafiyar ƙafa a can gida.

Kafin ta tafi, Madam ta gaya wa Murja sauran gidajen, ita kaɗai, ni aka ce in jira a waje. Asabar ɗin da ta wuce sai ga yarinyar a shagona da yamma, ƙafa duk ƙura, da ragowar ƙullin gyaɗa a hannu. Na ba ta ruwa, na tambaye ta daga ina.

Ta ce, "Unguwa na zo, Gwaggo."