Tsohon da yake duba mini inuwa

Shekarun baya, da aka fara ba ni aikin koyarwa, wani ƙauye aka jefa ni a bayan Hawandawaki, inda mota ba ta shiga sai amalanken jaki. Ni ɗan Tasawa ne, na saba da hayaniyar bakin titi. Lekwal ɗin, wato makarantar, aji biyu ne, ni da darakta, shi kuma ana tashi yake hawa babur ya koma wurin iyalinsa. Daga azahar sai ni da bango.

Abin da ya riƙe ni shi ne zane. Tun ina lise, wato sakandare, nake son zanen anime, mutanen nan masu manyan idanu da gashi tsaitsaye. Hannuna bai kai ko'ina ba a jan layi, amma a sa launi ina ganin kaina gwani. A waya nake yi, da yatsa. Ka shimfiɗa launi ɗaya a fata, ɗaya a riga, sannan ka kawo inuwa mai duhu ka yanka ta da kaifi kamar da reza, ba a dama su. Inuwar nan ita ce duk aikin.

Mutanen garin sun yi mini kirki, tuwo bai taɓa yanke mini ba. Amma ba wanda zan nuna wa abin da nake yi. Na gwada darakta sau ɗaya, ya duba ya ce in yi aure. In na hau tudu na samu rezon waya na saka zane a intanet, mutum uku ke dannawa, ɗaya ƙanwata ce. Kaɗaici ya dame ni ƙwarai, har nakan yi magana da zanen.

Bayan girbi wata ruga ta sauka a gonar da ke bayan lekwal, shanu na cin kara suna bar wa mai gona taki. Wani tsoho daga rugar yakan zo gindin gawo da la'asar yana tufka igiya, inda ni ma nake zama. Mun yi makonni ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Wata rana ya leƙo wayata, ya daɗe yana kallo, sannan ya kira ni Mushe, yadda ake kiran malamin lekwal a can.

"Mushe, wagga yarinya, wane lokaci take tsaye?"

Na yi dariyar masu boko. "Baffa, zane ne, ba ta da lokaci."

"Tana da shi. Dibi wuyanta, inuwa ta hwaɗi nan, hantsi ke nan. Dibi rigarta, inuwa ta koma can, la'asar ta yi. Rana biyu gare ku can Tasawa?"

Na duba, wallahi haka ne. Kunya ta kama ni, sai kuma wani daɗi ya biyo ta. Shekara nawa ina wannan abu, ba a taɓa samun wanda ya kalle shi har ya ga kuskure ba.

Daga ranar na samu malami. Bai damu da idanu ko gashi ba, inuwa kawai yake bi. Mutumin da ke sanin lokacin shayar da shanu daga inuwar da ke ƙarƙashin saniya, ba ka ɓoye masa komai. Yakan sa farce kusa da gilashin ya ce, "Nan." Ni kuma in goge in sake. Tun da safe nake ɗokin la'asar.

Rannan ya ce, "Mutanenka duk hwarare ne. Mu baƙaƙe ba mu da inuwa?"

Na ce zan yi shi, da malfarsa da sandarsa. Ya yi murmushi ya ce, "To, ka yi shi kahin ruwa."

Na ɗauki maganar yadda muke ɗaukarta a birni, wato wani lokaci can gaba. Kuma aikin ya ba ni wuya. In na duhunta inuwa a baƙar fata sai fuskar ta ɓace, sai da na koma ja mai duhu ta fito. A gaskiya cikin kwana huɗu na gama, amma na ƙi nunawa. So nake ya zama zane na farko da zai kalla ya rasa inda zai sa farce. Kullum yana tambaya, "Ina tsohon naka?" Kullum ina cewa, "Saura kaɗan, Baffa."

Wata Laraba da yamma ruwan farko ya sauka, mai yawa. Washegari gari duk ya fita shuka, ko yaro ɗaya bai zo lekwal ba. Na yi murna, na shige aji na ja ƙofa don kada haske ya dame ni, na wuni ina gyara inuwar malfa a kan hancinsa. Da la'asar na fito da wayata kamar mai kai lefe. Gindin gawo ba kowa.

Na taka zuwa rugar. Duwatsun murhu na tarar da kashin shanu, mai gonar yana sara rami a daidai inda bukkar Baffa take. Na tambaye shi.

"Ai sun tashi, Mushe. In ruwan shuka ya sauka shanu ba su ƙara kwana cikin gona, kowa ya san haka. Arewa sunka yi." Ya sara rami biyu, sannan ya ƙara, "Tsohon ya tsaya gindin gawo da hantsi, ya jima. Ya ce wataƙila ka tahi Tasawa."

Tsakanin gawon da ajin da nake ciki, in ka yi tari za a ji.

Ƙarshen shekarar aka mayar da ni Mayahi. Na sha zagaya kasuwar dabbobi ina duba fuskokin masu malfa, amma wa zan ce ina nema? Ko sunansa ban sani ba, Baffa kawai nake ce masa, shi kuma Mushe.

Yau ku da ke bina a nan intanet kuna da yawa, kuna yaba inuwar zanena, ina kuma godiya. Amma yabo bai cika cire kewa ba. Wanda ya zauna kusa da kai ya ce maka "nan" shi ne abokin zama, kuma ba a sa shi jira don a burge shi. Shi ya sa nake saka aikina ko bai gama nuna ba.

Zanen yana nan, ya bi ni waya uku. Bara na buɗe shi, sai na ga abin da ban gani ba duk wunin nan a aji. Inuwar malfa ta la'asar ce, ta sandar kuwa ta faɗi ɓangaren hantsi. Ban gyara ba, na bar masa.